Farashi ɗaya, hali daban: zaɓe tsakanin Pixel 8a da OnePlus 12R

Abubuwa huɗu ne suke cinye mafi yawan kuɗin ƙera wayar zamani: allo, batir, kyamara, da ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da aikin wayar, wadda masu sayarwa ke kira furosesa. Kamfanin da ya yanke wa wayarsa matsakaicin farashi ba zai iya saka mafi kyawun kowanne ba. Dole ya zaɓi inda zai saki hannu da inda zai tsuke. Shi ya sa ake samun wayoyi biyu a kan kanta ɗaya, kuɗinsu ɗaya, amma kowacce da inda ta fi ƙarfi da inda take ɗingishi.

Wayoyi biyu da suka fito a 2024 sun nuna wannan a fili. OnePlus 12R, ta kamfanin OnePlus da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin, ta shiga kasuwa a farkon shekarar. Pixel 8a ta kamfanin Google ta biyo baya a watan Mayu. A Amurka dukansu sun fara ne a kan kusan dala 500. Ta farkon babba ce, mai saurin aiki da ƙaton batir. Ta biyun ƙarama ce, an san ta da ɗaukar hoto da kuma daɗewar kulawa daga kamfani. Ko wanda bai taɓa riƙe ɗaya daga cikinsu ba, zai amfana da kwatancin, domin irin wannan zaɓin ne ke jiran mai saye tsakanin Tecno da Infinix, ko tsakanin Samsung da Redmi.

Kyamara ce abin da aka fi tambaya a kai, kuma ita ce aka fi yaudarar mutane da ita. Lambar da ake bugawa da manyan haruffa a jikin kwali ita ce megafiksel, wato yawan ɗigon da hoto ya ƙunsa, miliyan-miliyan. Babbar kyamarar Pixel 8a tana da 64, ta OnePlus 12R tana da 50. Sai dai babu ɗayarsu da ke ba da hoto mai wannan adadin a ɗaukar yau da kullum. Kowacce tana haɗa ɗigo huɗu su zama ɗaya domin su tara haske sosai, sai Pixel ta fitar da hoto mai megafiksel 16, OnePlus kuma kusan 12 da rabi. Wannan ma ya wadatar har ya yi yawa, domin da zarar an tura hoton ta WhatsApp, manhajar takan matse shi ya ragu ƙwarai.

Abin da ya fi lambar nan muhimmanci shi ne faɗin faifan da ke karɓar haske a bayan idon kyamarar. Faifai mai faɗi ya fi kwasar haske, kamar yadda babban baho ya fi ƙaramin kwano tarar ruwan sama. A nan akwai abin lura: faifan babbar kyamarar OnePlus 12R, ƙirar Sony, ya ɗan fi na Pixel 8a faɗi. Da a ce kayan ƙarfe da gilashi ne kaɗai ke yanke hukunci, da OnePlus ta yi gaba. Amma masu gwada wayoyi galibi sun fifita hotunan Pixel, kuma dalilin yana cikin abin da ke faruwa bayan an danna.

Wayar zamani ba hoto ɗaya take ɗauka ba idan aka danna maɓalli. Tana ɗaukar da yawa a jere cikin ƙiftawar ido, sannan manhaja ta ɗora su a kan juna, ta tsamo haske daga wannan, ta tsamo inuwa daga wancan, ta share dishi-dishi, ta fitar da guda. Google ya daɗe yana goge wannan fasahar. Tun 2018 ya fito da tsarin ɗaukar hoton dare mai suna Night Sight a wayar Pixel 3. A ɗauki zauren biki da daddare: fitilu masu launi a bayan amarya, farin mayafi yana ƙyalli, ango cikin babbar riga mai duhu, yara suna giftawa. Kyamara mai raunin manhaja za ta zaɓi ɗaya ta bar ɗaya. Ko dai mayafin ya fito da zanensa fuskoki su dushe, ko fuskoki su fito mayafin ya zama farin fili babu komai a cikinsa. Kyamara mai kyakkyawar manhaja takan riƙe duka biyun, har aikin zaren da ke wuyan rigar ango ya bayyana. A irin wannan wuri ne tazarar ke fitowa. Da rana tsaka a fili, inda haske ya wadata, da wuya mai kallo ya bambance hoton wannan da na waccan.

Akwai batun launin fata, wanda bai kamata baƙar fata ya ɗauke shi da wasa ba. Tun zamanin da ake wanke hoto, an fi daidaita kayan ɗaukar hoto da farar fata, kuma wannan gadon ya biyo manhajojin waya: fuskar baƙin mutum takan fito da toka-toka, ko a haskaka ta fiye da yadda Allah ya yi ta, ko ta nutse cikin duhu idan yana tsaye kusa da mai hasken fata. A 2021, da fitowar Pixel 6, Google ya shigo da tsarin Real Tone domin gyara wannan, kuma Pixel 8a ta gaje shi. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, shi ma ya daɗe da gane cewa daidaita kyamara da baƙar fata na cikin abubuwan da ke jawo masu saye a Afirka. Duk wanda zai gwada kyamarar waya, to ya gwada ta a kan fuskar ɗan'uwansa, a cikin inuwa, ya duba ko launin da ya gani a allo shi ne wanda yake gani da idonsa.

Sai yawan idanun kyamara. OnePlus 12R tana da uku a baya, Pixel 8a biyu. Mai ƙirga ido zai ce uku ta fi biyu. Amma na ukun a OnePlus ɗan ƙaramin ido ne mai megafiksel 2 na ɗaukar abu kusa-kusa, kuma hotonsa bai kai a nuna wa mutane ba. Amfaninsa a talla ya fi amfaninsa a hannu. Idon ɗaukar fili mai faɗi, wanda ake buƙata idan za a haɗa dangi gaba ɗaya a hoto ko a ɗauki ɗaki daga ƙofa, megafiksel 8 ne a OnePlus, 13 a Pixel, kuma na Pixel ya fi fitar da abu tar. Babu ɗayarsu da ke da idon jawo nesa na musamman. Mai son ɗaukar mahaya a filin hawan sallah daga can bayan taro, duka biyun za su ba shi hoton da manhaja ta faɗaɗa ne, kuma yana ƙara jawowa hoton yana ƙara lalacewa.

Girman waya shi ne abin da masu saye suka fi rainawa, alhali shi ne ake ji a jiki kowane lokaci. Kyamara sai an tashi ɗaukar hoto ake tuna ta, amma nauyi da faɗi suna tare da mutum daga asuba zuwa kwanciya. Ana auna allo ne daga kusurwa zuwa kusurwa: inci 6.1 a Pixel 8a, inci 6.78 a OnePlus 12R. A takarda bambancin kamar ba komai ba ne, bai kai inci ɗaya ba, amma idan aka lissafa faɗin filin allon gaba ɗaya, na OnePlus ya fi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Tsawon Pixel ya ɗan haura milimita 152, na OnePlus ya haura 163. Nauyinsu giram 188 da giram 207.

Babban allo alheri ne ga mai karatu, musamman dattijon da ke ƙara girman rubutu, da ɗalibin da littattafansa ke cikin waya, da mai kallon ƙwallo ko fim, da ɗan kasuwar da ke duba lissafi. Ƙaramar waya kuma ita ce ta mai aiki da hannu ɗaya: uwa mai riƙe da yaro, mai tsaye a cikin mota yana riƙe da ƙarfe, mai awo a shago. Gwajin mai sauƙi ne. A riƙe wayar a hannu ɗaya, a ga ko babban yatsa zai kai ɗaya gefen allon ba tare da an sassauta riƙo ba. Sannan a saka ta a aljihun gaba na riga, a sunkuya kamar za a yi alwala. Wayar da ta leƙo daga aljihu a wannan gwajin, wata rana za ta faɗi.

Faɗuwar kuwa tana da farashi daban-daban. Allon OnePlus 12R mai lanƙwasa ne a gefe biyu. Yana da kyan gani da daɗin taɓawa, kuma gilashinsa ya fi na Pixel 8a ƙarfi, amma irin wannan allon ya fi wuyar samun gilashin kariya da zai zauna daidai, kuma gefen da ya lanƙwasa shi ne yakan fara cin ƙasa. Na Pixel shimfiɗaɗɗe ne, da baƙin kewaye mai kauri wanda wasu ke ganin ya sa ta yi kama da tsohon yayi, bayanta kuma roba ce, ba ta tsagewa kamar gilashi. Ta fuskar ruwa da ƙura, Pixel tana da shaidar IP67, OnePlus tana da IP64. Lambar farko, wato 6, tana nufin ƙura ba ta shiga, abin da ke da amfani a lokacin hunturu. Ta biyun ita ce ta ruwa: 7 na nufin wayar za ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30, 4 kuma na nufin fantsama kawai za ta jure. Wannan kariyar takan ragu da tsufa, kuma takan tafi gaba ɗaya idan mai gyara ya taɓa buɗe wayar.

A wajen ƙarfin aiki, OnePlus ce a gaba ba tare da gardama ba. Tana ɗauke da furosesa mai suna Snapdragon 8 Gen 2 na kamfanin Qualcomm, irin wanda ya tafiyar da manyan wayoyin 2023, ciki har da jerin Galaxy S23 na Samsung. Pixel 8a tana da Tensor G3, wanda Google ya tsara, Samsung ya ƙera, kuma shi ne a cikin Pixel 8 da 8 Pro. Ba a gina Tensor don tsere ba. An fi karkata shi ga sarrafa hoto da gane murya. Ram ɗin Pixel, wato wurin da waya ke riƙe ayyukan da take kan yi, gigabait 8 ne, OnePlus kuma tana da mai 8 da mai 16.

Tambayar ita ce wa zai ji wannan bambancin. Mai WhatsApp da Facebook da TikTok da manhajar banki ba zai ji ba. Dukansu suna buɗe waɗannan nan take, allunansu kuma suna sabunta hoto har sau 120 a daƙiƙa, don haka jan shafi yana tafiya sumul. Wanda zai ji shi ne mai buga manyan wasanni irin su PUBG Mobile da Call of Duty na tsawon lokaci, da mai yanka bidiyo yana haɗawa a waya domin sana'a. Kuma abin da zai ji ba saurin farko ba ne, jimiri ne. Furosesa idan ya yi aiki mai nauyi yakan yi zafi, wayar kuma takan rage masa gudu da kanta don kada ya lalace. Faɗin jikin OnePlus ya ba ta wurin shimfiɗa babban abin sanyaya ciki, furosesanta kuma bai cika shan wuta ba, don haka takan daɗe tana gudu kafin ta sassauta. An san wayoyin Tensor da saurin ɗumi, musamman wajen ɗaukar dogon bidiyo ko inda sabis ba shi da ƙarfi.

Wannan batun zafi ya fi nauyi a ƙasashenmu fiye da inda aka gwada wayoyin. Masu ƙera waya galibi suna ba da shawarar a yi amfani da ita a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin watan Afrilu yakan haura 40. Wayar da ke ɗumi a ɗaki mai sanyi a Turai za ta kai ga rage hasken allo, ko dakatar da bidiyo, a hannun mai ɗaukar taro a rana. Zafi kuma shi ne babban abin da ke tsufar da batir.

A ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka, wato mAh, batirin OnePlus 12R 5,500 ne, na Pixel 8a 4,492. Babban allo yana cin nasa rabon, duk da haka OnePlus takan wuce yini guda cikin sauƙi, Pixel kuma takan kai dare ne da ɗan abin da ya rage. Inda tazarar ta yi faɗi sosai shi ne caji. OnePlus tana caji da ƙarfin wat 100, ko 80 a samfurin Amurka, kuma takan cika daga fanko cikin kusan rabin awa. Pixel 8a wat 18 take karɓa, cikarta takan ɗauki fiye da awa ɗaya da rabi. Ga mai wuta dare da rana wannan ƙaramin abu ne: ya jona ya kwanta. Ga wanda ake kawo wa wuta ba sanarwa a ɗauke ba sallama, ko mai jiran a tayar da janareta na ɗan lokaci, minti goma sha biyar a jikin soket ya ishi OnePlus ta sha abin da zai kai ta yamma. A irin wannan hali babu wata fasahar kyamara da ta kai wannan daraja. Sai dai saurin yana tare da sharaɗi: sai da cajarta ta asali da igiyar cajinta. Da wata cajar daban, gudun yakan faɗi ƙasa sosai. OnePlus tana zuwa da cajar a kwali, Pixel kuwa igiyar kawai ake bayarwa, kan cajar sai an saya. Pixel tana karɓar cajin ɗorawa marar igiya, mai jinkiri, wanda OnePlus 12R ba ta da shi.

Akwai wani ma'auni da ba a gani a shago, wato shekarun da kamfani zai ci gaba da aiko wa waya sabuntawa. Google ya yi wa Pixel 8a alkawarin shekara bakwai, har zuwa 2031. OnePlus ta yi wa 12R alkawarin sababbin Android guda uku da gyaran tsaro na shekara huɗu. Gyaran tsaro shi ne ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi, kuma yanzu da waya ta zama ma'ajiyar kuɗi, abin ya wuce ado. Duk da haka alkawarin shekara bakwai yana amfani ne ga wanda zai riƙe wayar ya daɗe, kuma ya samu inda za a canza masa batir mai kyau, domin da wuya batirin farko ya kai wannan zangon da lafiyarsa. Mai canza waya duk bayan shekara biyu ba zai ci moriyar alkawarin da kansa ba, sai dai ya taimaka masa wajen samun mai saye.

Bayanan kwali ma ba a rufe ido a kansu. Jim kaɗan bayan fitowar 12R, OnePlus ta fito ta amsa cewa ta sanar da nau'in ma'adanar da ya fi wanda ke cikin wayar sauri, wato ta ce UFS 4.0 alhali 3.1 ne, har ta ba waɗanda suka sayi samfurin da abin ya shafa damar mayarwa su karɓi kuɗinsu. Dukan wayoyin biyu ba su da gurbin katin memori, ba su da ramin abin sauraro na igiya. Don haka girman ma'adanar da aka saya, gigabait 128 ko 256, shi ne za a zauna da shi har ƙarshe, kuma mai yawan ɗaukar bidiyo zai ga 128 ta cika da wuri.

Idan aka ɗora waɗannan a kan sikeli, mai sayar da atamfa ko turare ko abinci ta intanet, wadda cinikinta ya rataya a kan hoton da launinsa bai saɓa da kayan ba, Pixel ce tata. Haka uban da ke son hotunan yaransa su fito ko da suna guje-guje a tsakar gida da magariba, da duk mai ƙaramin hannu. Matashi mai wasanni, da direban da taswira ke buɗe a gabansa yini guda, da wanda ke zaune inda wuta ba ta da tabbas, OnePlus ta fi dacewa da su. Ga wanda ya tsaya a tsakiya, ya fi kyau ya duba aibin kowacce ya tambayi kansa wanne zai iya haƙuri da shi kullum: hoton dare mai matsakaicin kyau da nauyi a aljihu, ko jinkirin caji da ɗumin jiki. Mutane da yawa sukan saya don kyamara, su ƙare suna ƙorafi a kan batir.

Wurin saye yana ƙara nasa sharuɗɗan. Google ba ya sayar da Pixel kai-tsaye a Najeriya ko Nijar. 'Yan kasuwa ne ke shigo da ita, sau da yawa ta hannu, zuwa kasuwanni irin su Farm Centre a Kano da Computer Village a Ikeja. Ma'anar wannan ita ce garantin kamfani ba lallai ya yi aiki ba, kuma allo ko batir na asali ya fi na Tecno ko Samsung wuyar samu. Tun kafin a biya, yana da kyau a tambayi mai gyara nawa ne allon wayar, kuma ko yana da shi a ƙasa. Wasu daga cikin abubuwan da ake tallata Pixel da su, kamar tace kira kafin a ɗauka, a wasu ƙasashe kawai suke aiki, wasu dabarun gyaran hoton kuma sai da intanet, wato sai an ƙona data.

Batun layi ma yakan ba mutane mamaki bayan sun isa gida. OnePlus 12R tana ɗaukar katin sim biyu. Pixel 8a guda ɗaya take ɗauka, na biyun sai eSIM, wato layin da ake saukarwa cikin wayar ba tare da kati ba, wanda sai an nemi kamfanin layin ya mayar da lambar zuwa wannan tsarin. Idan wayar ta hannu ce daga Amurka, tana iya kasancewa a kulle da layin wani kamfani na can, don haka a saka sim a gaban mai shago, a yi kira, a kunna data. A danna *#06# a ga ko lambar IMEI da ta fito ta yi daidai da ta jikin kwali. A tabbatar an cire asusun Google na mai ita na farko, domin idan yana nan, wayar za ta nemi kalmar sirrinsa bayan an goge ta. Daga nan a buɗe farin shafi a ƙure hasken allo, a duba ko akwai layi ko tabo, sannan a ɗauki bidiyo na minti biyar, a taɓa bayan wayar a ji zafinta, a kuma duba kashi nawa batirin ya sauka.